Ritayar manhajojin kallo da sauraro: Abin da ya kamata a sani

Kusan kowace shekara sai wani babban kamfanin fasaha ya ba da sanarwar fito da sabuwar manhajar kallon fina-finai ko sauraron sauti a kwamfuta, tare da tsayar da ranar da tsohuwar za ta daina aiki.

A ƙasashe masu arziki, inda ake sauya kwamfuta bayan 'yan shekaru kuma intanet bai cika yankewa ba, irin wannan sanarwa ba ta tayar da hankalin jama'a sosai.

To amma a garuruwa irin su Taba da Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara a arewacin jihar Kaduna, inda kwamfutoci da dama na hannu ne, data ke da tsada, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, rufe manhaja guda na iya tsayar da sana'ar mutum, ko kuma ya salwantar da abin da ya tara shekara da shekaru.

Saukewa da kallo kai tsaye

Hanyoyi biyu ne ake samun sauti ko bidiyo daga intanet.

Hanya ta farko ita ce saukewa, wato mutum ya jawo fayil gaba ɗayansa ya ajiye a kwamfuta ko waya, sannan ya kalla a duk lokacin da ya ga dama, ko da babu intanet.

Ta biyu ita ce kallo ko sauraro kai tsaye, inda sautin ko hoton ke zuwa kaɗan-kaɗan daga wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, ana kallo yana ƙarasowa.

Bambancin ya yi kama da na wanda ya ɗebo ruwa ya cika randa, da wanda ya tara hannu a bakin famfo. Na farko yana da ruwa ko an ɗauke famfo. Na biyu kuwa, da zarar famfo ya tsaya shi ma ya tsaya.

Manhajar kallo ita ce ke karɓar waɗannan gutsattsarin, ta tanadi na daƙiƙoƙi kaɗan a gaba saboda tsaro, sannan ta mayar da su sauti da hoto. Idan tanadin ya ƙare kafin wani ya iso, sai hoton ya tsaya cak, abin da duk mai kallo a wurin da sabis ba shi da ƙarfi ya sani.

Yawan datar da ake ci ya danganta ga ingancin abin da ake karɓa. Shirin rediyo da ake watsawa a kan kilobit 32 a daƙiƙa guda yana cin kimanin megabayit 14 a awa ɗaya.

Shi kuwa bidiyo, kamfanin Netflix ya ce awa guda na iya cin har gigabayit 1 a matsakaicin inganci, da kuma har gigabayit 3 idan hoton mai tsananin haske ne.

Zamanin RealPlayer

Tun kafin zuwan intanet, masu jin Hausa sun yi fice wajen sauraron rediyo.

Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan Rediyo Faransa a 2007. A da, akasarin masu sauraron tashoshin ƙetare ta gajeren zango suke kama su.

A watan Afrilun 1995 wani kamfani a birnin Seattle na Amurka, wanda Rob Glaser ya kafa, ya fito da tsarin RealAudio, wanda ya ba da damar sauraron sauti kai tsaye ta layin tarho. Daga bisani kamfanin ya koma RealNetworks, manhajarsa kuma ta zama RealPlayer.

A farkon shekarun 2000, duk wanda ya shiga shafin wani gidan rediyon ƙetare don sauraron shirin safe ko na yamma, yakan tarar da umarnin cewa sai ya fara sauke RealPlayer ko Windows Media Player.

A lokacin intanet bai shiga gidaje ba a arewacin Najeriya. Sai dai mutum ya je shagon intanet a Zariya ko Kano ko Kaduna, ya sayi minti talatin ko awa guda, sau da yawa kuma lokacin ya ƙare sautin bai gama fitowa ba.

Waɗanda suka fi cin moriyar tsarin su ne Hausawa mazauna ƙetare, a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, musamman a wuraren da gajeren zango ba ya kai musu shirye-shiryen da aka nufi Afirka ta Yamma da su.

Sannu a hankali farin jinin RealPlayer ya ragu. Masu amfani da ita sun yi ta ƙorafi kan yawan tallace-tallace da kuma ƙarin abubuwan da take ɗorawa a kwamfuta ba tare da an nema ba.

BBC ta fara janye jiki daga tsarin a 2009, kuma sashenta mai watsa shirye-shirye ga ƙasashen duniya, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina amfani da shi a watan Maris na 2011.

Flash ta zo, ta wuce

Wadda ta maye gurbin ita ce Flash, wata ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet. Kamfanin Adobe ne ya mallake ta bayan ya sayi Macromedia a 2005.

A wannan shekarar ce aka kafa YouTube, wanda ya dogara da Flash, ta yadda mai kallo ba ya buƙatar buɗe wata manhaja ta daban. Google ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65.

Sai dai Flash ta zo da nata matsalolin. Tana cin batir, tana nauyaya kwamfuta, masu kutse kuma sun sha gano kafofin da suke bi ta cikinta.

A watan Afrilun 2010 shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya fitar da wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilan da suka sa bai yarda a saka ta a wayar iPhone ba.

A farkon 2015 YouTube ya koma wani tsari da ake kira HTML5, wanda ke ba burauza damar nuna bidiyo da kanta.

A 2017 Adobe ya sanar da ranar ritaya. Ya daina kula da Flash a ranar 31 ga Disamban 2020, kuma daga 12 ga Janairun 2021 manhajar ta daina buɗe komai.

Tsofaffin shafuka masu yawa da aka gina a kanta, ciki har da na darussa da na wasannin yara, sun zama kango tun daga ranar, sai waɗanda masu adana tarihi suka ceto.

Sabuwa ta shigo, tsohuwa ta fita

A 'yan shekarun nan salon ya zama kusan iri ɗaya: a fito da sabuwar manhaja, a ba da wa'adi, sannan a rufe tsohuwar.

A watan Agustan 2019 kamfanin Plex, wanda manhajarsa ke bai wa mutum damar tara fina-finansa a kwamfuta guda yana kallonsu a wasu na'urori, ya fito da sabuwar manhaja ta Windows da Mac.

Ya kuma ce zai daina sabunta tsohuwar, Plex Media Player, a ƙarshen Janairun 2020, abin da zai shafi masu haɗa kwamfuta da talabijin suna sarrafa ta daga nesa.

Masu amfani da ita sun yi caa a kan kamfanin, kuma ba a jima ba ya sassauta matsayinsa. Daga baya ya fito musu da wata manhajar ta musamman mai suna Plex HTPC.

A watan Oktoba na wannan shekarar Apple ya kawo ƙarshen iTunes a kwamfutocin Mac, bayan shekara 18 da fitowarta, ya raba aikinta tsakanin manhajoji uku: ta waƙoƙi, da ta fina-finai, da ta shirye-shiryen sauti. Masu Windows sun samu makamancin wannan sauyi a watan Fabrairun 2024.

Google ya rufe Google Play Music a ƙarshen 2020, ya umarci jama'a su kwashe kayansu zuwa YouTube Music. Waɗanda ba su kwashe ba kafin wa'adin da aka tsayar a watan Fabrairun 2021, an goge abin da suka ajiye.

Microsoft ya fito da sabuwar Media Player a 2022, wadda ta maye gurbin Groove Music, ya kuma mayar da tsohuwar Windows Media Player gefe.

A watan Afrilun 2024 BBC ta rufe manhajar iPlayer Downloads ta kwamfuta, wadda mazauna Birtaniya ke sauke shirye-shirye da ita. Ta ce masu amfani da ita sun yi kaɗan idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa wajen kula da ita.

A cikin wannan shekarar Netflix ya sauya manhajarsa ta Windows, sabuwar kuma ta zo ba tare da damar sauke fim don kallo ba tare da intanet ba.

Muhimman shekaru

1995: An fito da RealAudio

2001: An fito da iTunes, wayar salula ta GSM kuma ta fara aiki a Najeriya

2005: An kafa YouTube

2011: An ƙaddamar da iROKOtv

2016: Netflix ya fara aiki a Najeriya

2019: An ƙaddamar da Northflix, an raba iTunes gida uku

2020: Flash ta yi ritaya

2022: An rufe YouTube Go

2025: Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 na bai-ɗaya

Me ya sa kamfanoni ke yin haka?

Dalili na farko shi ne kuɗi. Kowace manhaja tana buƙatar ma'aikatan da za su riƙa gyara ta duk lokacin da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ta sauya. Kamfanin da ke da manhaja huɗu masu aiki iri ɗaya yana biyan kuɗin gyara sau huɗu.

Na biyu shi ne tsaro. Tsohuwar manhajar da aka daina toshe wa kafa takan zama ƙofar ɓarayi. A watan Afrilun 2016 hukumomin Amurka sun shawarci masu Windows da su cire QuickTime ta Apple daga kwamfutocinsu, bayan da aka gano kafofi a cikinta kuma kamfanin ya daina gyara ta.

Na uku shi ne sauyin hanyar samun riba. A da kamfanoni na sayar da waƙa ko fim sau ɗaya, mai saye ya riƙe abinsa. Yanzu sun fi son kuɗin wata-wata da na tallace-tallace, waɗanda duka suka fi samuwa idan mai kallo yana haɗe da intanet.

Akwai kuma matsin lamba daga masu haƙƙin mallaka, waɗanda ke ganin fayil ɗin da ke ajiye a kwamfuta ya fi sauƙin sata.

Sannan jama'a da kansu sun koma waya. A Najeriya akasarin masu shiga intanet ta wayar hannu suke shiga, kuma miliyoyin mutane sun fara amfani da intanet ba tare da sun taɓa mallakar kwamfuta ba.

Masu sukar lamarin na cewa kamfanonin kan yanke hukunci ne bisa la'akari da abokan cinikinsu na Turai da Amurka, inda intanet ke da arha. Don haka abin da suka fi saurin cirewa, wato damar saukewa da kuma aiki a tsohuwar na'ura, shi ne abin da mai kallo a karkarar Afirka ya fi buƙata.

Daga kaset zuwa memori

Masana'antar fina-finan Hausa ta ga irin wannan sauyi fiye da sau ɗaya.

Ana ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a matsayin fim ɗin da ya buɗe kasuwar bidiyon Hausa. A kaset aka sayar da shi, haka ma fina-finan da suka yi tashe bayansa irin su Sangaya da Wasila.

Cikin shekarun 2000 faifan CD ya kori kaset. Dillalai a Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne ke rarraba fina-finai zuwa Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da sauran garuruwa, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su kai su kasuwannin ƙauye.

Da wayoyi masu ɗaukar memori suka yawaita, sai kasuwar faifai ta durƙushe, wata sana'ar kuma ta kunno kai, wato ta masu tura fina-finai.

Mai wannan sana'a yakan zauna da kwamfuta a shago ko a ƙarƙashin rumfa, sau da yawa haɗe da sana'ar cajin waya. Yakan tara fina-finan Hausa da na Indiya da aka fassara, da waƙoƙi da karatun malamai, yana tura wa jama'a a waya kan kuɗi kaɗan.

A yankunan noma irin na Kudan da Maƙarfi da Ikara, waɗanda suka yi suna wajen noman rake da tumatur da masara, wannan hanya ta dace da yanayin rayuwa. Manomi zai cika memorinsa ranar kasuwa, ya yi kwanaki yana kallo ba tare da ya sayi data ba, ya kuma tura wa maƙwabcinsa ta Xender.

Furodusoshi sun daɗe suna kokawa da cewa satar fasaha ta wannan hanya ta karya musu jari, ko da yake a Kano an yi ta ƙoƙarin yi wa masu sana'ar rajista da kuma sayar musu da fina-finai bisa ƙa'ida.

Wannan ne ya sa masana'antar ta karkata ga talabijin da intanet. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma yi suna da shirin Daɗin Kowa. An ƙaddamar da manhajar Northflix a 2019 domin kallon fina-finan Hausa bisa biyan kuɗi. Daga 2020 fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ja ɗimbin masu kallo a YouTube.

Darasi daga iROKOtv da YouTube Go

Misalai biyu sun nuna yadda lamarin yake a Najeriya.

Kamfanin iROKOtv, wanda Jason Njoku da Bastian Gotter suka kafa, ya fara nuna fina-finan kudancin Najeriya ta shafin intanet a watan Disamban 2011.

A 2015 ya rufe kallo ta kwamfuta ga mazauna Afirka, ya koma manhajar wayar Android wadda ke ba da damar sauke fim, bayan da ya lura cewa tsadar data da raunin intanet sun hana kallo kai tsaye karɓuwa.

Daga baya har rumfuna ya kafa a Legas, inda ma'aikatansa ke tura wa jama'a fina-finai a waya ba tare da data ba. Wato dai babban kamfani ya dawo kan dabarar da masu tura fina-finai suka daɗe da ganowa.

Shi kuwa Google, a 2017 ya kawo wa Najeriya YouTube Go, wata manhaja marar nauyi da ke nuna wa mutum yawan datar da bidiyo zai ci kafin ya buɗe shi, ta bar shi ya sauke, ya kuma tura wa na kusa da shi.

Kamfanin ya fara rufe ta a watan Agustan 2022, yana mai cewa babbar manhajar YouTube ta inganta ta yadda za ta yi aiki a ƙananan wayoyi.

Muhimmancin abin da aka sauke yakan fito fili ne idan layi ya yanke. A 2021 hukumomi sun katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta jawo tsaikon intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama.

A irin waɗannan lokuta, akwatin rediyo da abin da ke cikin memori su ne suka rage wa jama'a.

Ga kuma batun farashi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Tsofaffin kwamfutoci

Ritayar manhajar kallo takan biyo bayan ritayar babbar manhajar kwamfuta ne.

Microsoft ya daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, sannan Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ko da yake ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa masu tsauri. Daga ciki akwai wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗan ba.

Irin waɗannan kwamfutoci ne ake jibgewa a kasuwannin kayan hannu na Legas da Kano da Kaduna, daga nan su bazu zuwa shaguna da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi.

Kwamfutar ba ta mutuwa a ranar da wa'adi ya cika. Za ta kunnu, za ta buɗe fayilolin da ke cikinta. Abin da ke faruwa shi ne sauran kamfanoni su ma sai su janye ɗaya bayan ɗaya.

Alal misali, daga farkon 2023 burauzar Chrome ta daina fitar da sabon zubi ga Windows 7 da Windows 8.1. Da tafiya ta yi tafiya, wasu shafuka kan ƙi buɗewa yadda ya kamata a tsohuwar burauza.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na kutse. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin Birtaniya, ta hanyar wata kafa da aka riga aka fitar da maganinta amma mutane da yawa ba su saka ba.

Ga mai tura fina-finai abin ya fi muni, domin kwamfutarsa na haɗuwa da wayoyi da memori masu yawa a kowace rana, ta yadda cutar da ta shiga guda ɗaya za ta iya zagaye gari.

Wa ya mallaki abin da aka saya?

Fayilolin da ake saukewa daga manhajojin biyan kuɗi suna zuwa ne da wani kwaɗo da ba a gani, mabuɗin kuma yana hannun kamfani. Idan kamfanin ya rufe manhajar ko uwar garken da ke ba da mabuɗi, fayil ɗin na iya zama a kwamfuta amma ya ƙi buɗuwa.

An ga haka a 2008, lokacin da Microsoft ya ce zai rufe uwar garken da ke ba da mabuɗin waƙoƙin da aka saya a shagonsa na MSN Music. Bayan koke-koke ya ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2011.

A wannan shekarar ta 2008 Yahoo ma ya ɗauki irin wannan mataki, ya kuma yi alƙawarin biyan diyya ga waɗanda abin ya shafa.

Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da mutum ke biya a irin waɗannan manhajoji izinin kallo ne na wani lokaci, bisa sharuɗɗan da kamfani ke iya sauyawa.

Fayilolin da ba su da kwaɗo, kamar MP3 na sauti da MP4 na bidiyo, ba su da wannan matsala, domin manhajoji da yawa na iya buɗe su.

Tarihin da ke cikin haɗari

Bayan batun ciniki akwai na adana tarihi.

Tafsirin malaman da suka rasu, da waƙoƙin makaɗan gargajiya irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, da wasannin kwaikwayo na rediyo da fina-finan farko na Kano, da yawansu suna kan kaset ne, ko faifai, ko tsofaffin fayilolin da sababbin manhajoji ba su san da su ba.

Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, faifai yana karcewa, na'urorin da ke karanta su kuma suna ƙaranci. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina ƙera ta.

Duk abin da ba a juya shi zuwa sabon tsari ba kafin na'urarsa ta ɓace, samunsa zai yi wuya.

Matakan da za a iya ɗauka

Masana harkar kwamfuta na ba da shawarar cewa idan aka sanar da ritayar wata manhaja, abu na farko shi ne a duba ranar da wa'adin zai cika, a kuma kwashe abin da ke ciki tun da wuri.

Kafin a amince da sabon zubi, yana da kyau a bincika ko yana ba da damar saukewa, da kuma ko kwamfutar za ta iya ɗaukarsa, domin komawa kan tsohon yakan yi wuya.

Abin da mutum ya mallaka, kamar bidiyon biki ko karatun malami, ya fi dacewa a ajiye shi a tsarin MP3 ko MP4, kuma a wuri biyu daban-daban.

Akwai manhajojin kyauta da ba su dogara da uwar garken wani kamfani ba. Fitacciya a cikinsu ita ce VLC, wadda ta samo asali daga aikin wasu ɗalibai a Faransa, aka kuma sake ta ga kowa a 2001. Zubinta na uku, wanda ya fito a 2018, yana aiki har a Windows XP, yana kuma buɗe tsofaffin fayiloli iri-iri, ciki har da na RealAudio da dama.

Sai dai a sauke kowace manhaja daga shafin masu ita na ainihi, domin masu damfara kan yi amfani da lokacin ritaya su baza na jabu.

Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro, gara a raba ta da intanet, a kuma guji shiga asusun banki da ita. Wasu kan saka mata Linux, babbar manhajar kyauta wadda wasu nau'o'inta ke aiki a tsofaffin na'urori.

Ga makarantu da ofisoshi da masu shaguna da ke shirin sayen kwamfutar hannu, tambayar da ta kamata a yi wa dillali kafin a biya kuɗi ita ce shekarar da aka ƙera ta, da kuma ko za ta ɗauki Windows 11.